SVANTE ARRHENIUS, ƊALIBIN DA YA BI SAWUN GISHIRI CIKIN RUWA

Babu ko ɗaya cikinmu a wannan kwaleji da bai taɓa ganin gishiri ya narke cikin ruwa ba, amma ban tsammani da yawa sun taɓa tsayawa su tambayi kansu inda gishirin ya tafi ba. Mu mutanen ƙasar Katagum ba baƙin gishiri ba ne. Tun zamanin kakanni fatake ke kawo mangul da kanwa daga ƙasar Manga, Buzaye kuwa su ɗauko kantu daga Bilma bisa raƙuma, har yau kuma in ka shiga kasuwar Azare ba ka rasa mai kasa gishiri da kanwa. Uwargida ta barbaɗa a miya, makiyayi ya ba dabbobinsa, shi ke nan. To, an yi wani mutumin ƙasar Suwidin wanda ya yi wannan tambaya tun yana saurayi kamarmu. Ya sami amsa, malamansa suka kusa kā da shi a jarrabawa sabo da ita, bayan shekara 19 kuma aka ba shi lambar Nobel domin amsar nan dai. Sunansa Svante Arrhenius. Tun da ya ke mu ne za mu riƙe jan alƙalami gobe, na ga ya kamata mu ji labarinsa.

An haife shi ran 19 ga watan Fabrairu, 1859, a wani wuri da a ke kira Vik, kusa da birnin Uppsala. Ubansa ma'aunin ƙasa ne, yana lura da gonaki da filayen jami'ar Uppsala. Yaron ya koya wa kansa karatu yana da shekara uku, ba da nufin iyayensa ba, lissafi kuwa ya tsince shi ne wajen zama kusa da ubansa yana kallonsa yana tara lambobi cikin littattafan kuɗi. Da ya kai shekara takwas aka sa shi makaranta, aka tsallakar da shi ajujuwan farko. Ya gama cikin 1876, shi ne ƙaramin ajinsu, ya shiga jami'ar garinsu ya karanta lissafi da fiziks da kemistiri.

Zaman bai yi masa daɗi ba. Koyarwar fiziks da a ke yi a Uppsala ba ta gamshe shi ba, sai cikin 1881 ya tattara littattafansa ya tafi Sitokholm, babban birnin ƙasar, wurin wani malami mai suna Erik Edlund, wanda ya ke aiki a kan lantarki. A ɗakin gwajin Edlund ne ya kama aikin da ya zama sanadin sunansa.

Kafin mu ci gaba, bari in faɗi abin da masana suka riga suka sani a lokacin. Tsabtataccen ruwa, wanda aka tace har babu kome cikinsa, kusan ba ya barin lantarki ya ratsa shi. Busasshen gishiri ma haka nan. Amma da an haɗa su biyu, sai lantarki ya sami hanya. In kuwa sukari aka zuba maimakon gishiri, ko da ya narke sarai, hanya ba ta buɗewa. Michael Faraday na Ingila ya yi bincike mai zurfi a kan wannan, cikin 1834 kuma ya raɗa wa 'yan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki cikin ruwa suna ayon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar abin da ke tafiya. Amma yawancin masana sun ɗauka lantarkin ne da kansa ya ke fasa gishiri ya fitar da su, watau in babu batir babu ayon. Wani Bajamushe, Friedrich Kohlrausch, ya gyara hanyar awo ƙwarai, har ya nuna kowane irin ayon yana da nasa saurin tafiya, ba ruwansa da abokin da ya zo da shi.

Arrhenius ya zauna yana auna ruwan gishiri iri iri, da na asid, yana ƙara musu ruwa kaɗan kaɗan har su tsinke, yana rubuta yadda lantarki ke wucewa. Aiki ne mai gundura, na zuba da awo da wanke kwalabe. Ga abin da ya lura da shi. In an ƙara ruwa, lantarkin da ke wucewa duka duka ya kan ragu, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma in aka yi lissafi bisa ga yawan gishirin da ke ciki, sai a ga kowane ɗan awo na gishiri yana ƙara ƙwazo wajen ɗaukar lantarki yayin da ruwa ke ƙaruwa, har ya kai wani matsayi ya tsaya. Me ya sa ruwa, wanda shi kansa ba ya ɗaukar lantarki, zai ƙara wa gishiri ƙarfi? Arrhenius ya yanke cewa abin da aka narkar ya kasu biyu, akwai rabo mai aiki da rabo marar aiki, ƙarin ruwa kuwa shi ke ƙara rabo mai aiki. Daga baya ya fito da maganar a fili: rabo mai aiki shi ne wanda ya rabu ya zama ayon, ruwan ne kuma ya raba shi, tun ba a kawo batir kusa ba. Ku ɗauka shanun huɗa ne guda biyu da aka haɗa da karkiya. Muddin suna haɗe, tafiyarsu ɗaya ce. Ruwa shi ne mai kwance karkiyar. In aka tsoma wayoyin batir, sodiyam ya nufi gefen ragi, kulorin ya nufi gefen ƙari, wannan tafiya tasu ita ce lantarkin da ke ratsa ruwan. Sukari kuwa ya kan watsu cikin ruwa ba tare da ya rabu haka ba, don haka babu mai ɗaukar kaya.

Ya rubuta wannan cikin Faransanci, littafi mai kamar shafi 150, ya kai wa jami'ar Uppsala domin neman digirin dakta. Cikin watan Mayu na 1884 aka zauna jarraba shi. Malaman suka ba littafin daraja ta huɗu, kāre shi da ya yi da baki kuwa suka ba shi ta uku. Ya ci, amma ci ne irin wanda ba ya kai mutum ga samun aikin koyarwa a jami'a. Ga saurayi mai shekara 25 wanda ba shi da burin da ya wuce wannan, kusan an rufe masa ƙofa ke nan. Shi da kansa ya riƙa ba da labari har tsufansa cewa ran da ya je ya shaida wa malaminsa na kemistiri, Per Teodor Cleve, ya sami sabon bayani, malamin ya sallame shi nan take ba tare da ya tsaya ya ji ba.

Ban so mu yi saurin zagin Cleve. Ba jahili ba ne, shi ne ya gano sinadarai biyu, holmiyam da tuliyam, cikin 1879. Dalilinsa kuma mai ƙarfi ne. Kowane masanin kemistiri ya san sodiyam ƙarfe ne wanda in ya taɓa ruwa sai ya yi ta tafasa har ya kama wuta, kulorin kuwa iska ce mai guba, mai shaƙe mutum. Yaya za a ce waɗannan biyu suna yawo a sake cikin ruwan da mutane ke sha a miya, ba wuta, ba wari? Amsar Arrhenius ita ce ayon mai ɗauke da caji dabam ya ke da sinadarin da ba shi da caji. Gaskiya ya faɗa, amma ba shi da abin da zai nuna dalili, gama ba a gano ilektaron ba sai cikin 1897. Ban da wannan, littafin ya faɗa tsakanin fannoni biyu, malaman fiziks suna ganin kemistiri ne, na kemistiri suna ganin fiziks ne, ba wanda ya ɗauke shi nasa. A ganina laifin Cleve ɗaya ne, bai nemi a gwada ba kafin ya yanke.

Arrhenius bai zauna yana kuka ba. Ya aika da littafin ga manyan masana na ƙasashen waje, cikinsu har da Clausius a Jamus, da van 't Hoff a Holan, da Wilhelm Ostwald a birnin Riga. Ostwald ya ba da labari daga baya cewa rana ɗaya ya sami abu uku, ciwon haƙori, da haihuwar 'ya, da littafin nan, littafin ne kuma ya fi daɗewa yana hana shi barci. Shi dai yana da asid iri iri a ɗakin gwajinsa waɗanda ya riga ya auna ƙarfinsu ta wata hanya. Ya auna yadda su ke ɗaukar lantarki, ya tarar jerin biyu sun yi daidai, kamar yadda saurayin ya ce za su yi. Cikin watan Agusta na shekarar nan ya taso takanas ya zo Uppsala, ya yi masa tayin aiki a Riga. Kun san halin mutane. Da aka ga baƙo mai suna ya ƙetaro teku domin ɗalibin da aka raina, kafin shekara ta ƙare jami'ar ta ba shi matsayin ƙaramin malami. Bai bi Ostwald nan da nan ba, domin ubansa ba shi da lafiya, ya kuwa rasu cikin 1885.

Da taimakon Edlund ya sami kuɗin tafiya neman ilmi. Daga 1886 ya yi aiki da Ostwald a Riga, da Kohlrausch a Würzburg, da Boltzmann a Graz, da van 't Hoff a Amsterdam. Cikin wannan yawo ne ya sami shaidar da ta rufe bakin masu gardama da yawa. An daɗe da sanin abin da aka narkar cikin ruwa ya kan sa ruwan ya ƙi daskarewa da wuri, gwargwadon yawan ƙwayoyin da ke ciki. Sukari yana bin lissafin daidai, amma gishirin miya yana yin kusan ninki biyu na abin da a ke tsammani, van 't Hoff kuwa ya rasa dalili. Arrhenius ya ga dalilin a sarari: kowace ƙwayar gishiri ta zama biyu. Ya jera lambobin da aka samu ta awon daskarewa kusa da waɗanda aka samu ta awon lantarki, hanyoyi biyu da ba su haɗa kome ba, sai ga su sun dace. Ya buga wannan cikin 1887 a sabuwar mujallar da Ostwald da van 't Hoff suka kafa a shekarar.

Akwai wani sashe na aikinsa da littattafan makaranta ba su cika ambata ba, shi ne kuwa ya fi ba ni sha'awa, watau maganar kaurin ruwa. Kowa ya san zuma ba ta zuba kamar ruwan rijiya, ya kuma san da hunturu ta kan ƙara yin nauyi. Ayon mai tafiya cikin ruwa kamar mutum ne mai ƙetare Kogin Jama'are da ƙafa, in ruwa ne zalla ya wuce da sauri, in ya faɗa cikin laka tafiya ta yi wuya. Masana na auna kauri da wani bututun gilashi mai siririn wuya, su duba daƙiƙa nawa ruwa zai yi kafin ya sauka daga wannan alama zuwa waccan. Cikin 1887 ɗin dai Arrhenius ya buga awon da ya yi na kaurin ruwan da aka narkar da abubuwa kaɗan a ciki, ya ba da ƙa'ida cewa kowane ƙarin awo ɗaya na abin da aka narkar ya kan riɓa kaurin da adadi guda. Ya kuma duba yadda ƙara abin da ba ya ɗaukar lantarki, kamar sukari, ke rage wucewar lantarki cikin ruwan gishiri. Cikin 1906 Paul Walden, almajirin Ostwald a Riga, ya ɗaure maganar: in kauri ya ƙaru, ɗaukar lantarki ya ragu kusan daidai gwargwado. Shi ya sa ruwan gishiri mai ɗumi ya fi mai sanyi ɗaukar lantarki, da kamar kashi 2 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, gama zafi na tsinka ruwa. Abin mamaki kuma, ba kowane gishiri ke ƙara kauri ba. Waɗansu gishirin potasiyam su kan ɗan rage shi ma, abin da ke nuna kowane ayon da yadda ya ke riƙe ruwan da ke kewaye da shi.

Na gwada wannan da kaina lokacin da aka tura mu koyon koyarwa a wata makarantar firamare da ke bayan garin Azare. Na haɗa batir na tocila da ɗan ƙwan fitila da ƙusoshi biyu, na jera kofuna uku, na ruwa zalla, da na sukari, da na gishiri. (In za ku gwada, batir kaɗai, kada wani ya kuskura ya taɓa wutar bango.) Ƙwan ya kama sosai a kofin gishiri kaɗai. Wani yaro ya ruga gida ya kawo jiƙon kanwa, shi ma ya kama, aji ya ɗauki sowa. Sa'an nan wata yarinya daga baya ta tambaya ko ruwan zafi zai fi haske. Na ce mata gishiri gishiri ne, zafi ba shi da hannu a ciki, ta zauna. Da dare na buɗe littafi na ga ita ce da gaskiya. Kashegari sai da na zo da ruwan ɗumi na warware maganata gaban aji duka, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Watakila wani ya ce ina ruwan mutumin Azare da wannan duka. To, ya leƙa asibiti. Ruwan da a ke ƙara wa marar lafiya a jijiya, wanda aka fi sani, giram 9 ne na gishiri cikin lita ɗaya, an ƙayyade shi ne don ya dace da jini, lissafin kuwa ba ya fita sai an ƙidaya kowace ƙwayar gishiri a matsayin biyu. In kun ga ruwan ya yi rawaya, sau da yawa bitamin B ne aka zuba. A ƙuruciyar Arrhenius ba wanda ya san bitamin, sunan ma sai cikin 1912 Casimir Funk ya ƙaga shi a Landan. Amma bitamin masu narkewa cikin ruwa suna bin dokokin nan. Bitamin C asid ne marar ƙarfi, ɗan rabo kaɗan ne ke rabuwa, yana ƙaruwa in an ƙara ruwa, daidai da yadda Arrhenius ya kwatanta. Bitamin B1 kuwa a siffar gishiri a ke sayar da shi. Masu bincike su kan narkar da irin waɗannan bitamin tare da gishiri, su auna kauri da wucewar lantarki a zafi dabam dabam, don su gane yadda bitamin da ayon ke jayayya a kan ruwa. Masu haɗa magani suna bukatar sanin kauri domin allura ta bi ta bakinta ba wuya, da awon lantarki kuma su ke tabbatar da tsabtar ruwan da su ke aiki da shi. 'Yar na'urar da ma'aikatan ruwa ke tsomawa a ruwan rijiyar burtsatse su faɗi yawan gishirinsa, lantarki ta ke aunawa. Wani abin daɗi shi ne Hans von Euler-Chelpin, wanda ya zo Sitokholm ya yi aiki ƙarƙashin Arrhenius yana saurayi, shi ne aka ba shugabancin cibiyar binciken bitamin da aka kafa can cikin 1929, shekarar da shi ma ya sami lambar Nobel.

Mu koma ga mutuminmu. Cikin 1889 ya fitar da lissafin da ke nuna yadda zafi ke gaggauta canjin sinadarai, dalilin da ya sa nono ya fi saurin tsami da bazara, lissafin kuma har yau da sunansa a ke kiransa. Jamusawa sun yi masa tayin kujerar farfesa a Giessen cikin 1891, ya ƙi, ya zaɓi koyarwa a kwalejin Sitokholm. Ya zama farfesa can cikin 1895, shi ma sai da aka yi ta ja, daga baya har ya shugabanci kwalejin. Cikin 1896 ya yi wani dogon lissafi da hannu, na watanni, ya nuna in iskar kabon da ke sararin sama ta ninka, duniya za ta ƙara zafi da digiri 5 zuwa 6. Shi ne na fari da ya sa lamba a kan wannan magana. Ya zaci abin zai ɗauki dubban shekaru, har yana ganin alheri ne ga ƙasashe masu sanyi. Da ya taɓa yin watan Afrilu a Azare, ina jin da bai yi wannan murna ba. Iskar da ta ke kamar kashi 300 cikin miliyan a zamaninsa ta wuce 420 cikin 2023.

Cikin 1903 aka ba shi lambar Nobel ta kemistiri, shi ne mutumin Suwidin na fari da ya samu. Shugaban kwamitin kemistiri na lambar a shekarar nan kuwa ba wani ba ne, Cleve ne. Cikin 1905 Berlin ta neme shi, sai 'yan ƙasarsa suka kafa masa cibiyar bincike ta Nobel a Sitokholm don kada ya tafi, ya riƙe ta har kusan ƙarshen ransa. Ya rubuta littattafai domin talakawa a kan taurari da asalin duniyoyi, aka juya su cikin harsuna da yawa. A lokacin yaƙin duniya na fari ya yi ƙoƙari har aka saki waɗansu masanan Jamus da Ostiriya da aka kama. Ya yi aure sau biyu, na fari da Sofia Rudbeck cikin 1894, bai daɗe ba, na biyu da Maria Johansson cikin 1905, ya bar 'ya'ya huɗu.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Wanda aka danne yana yaro, da ya sami iko shi ma ya danne waɗansu. Mendeleev na Rasha, mai jadawalin sinadarai da ke manne a bangon ɗakin kimiyyarmu, ya taɓa sukar bayanin ayon. Cikin 1906, da kwamiti ya zaɓe shi domin lambar Nobel, Arrhenius ya sa baki har aka fasa, tsohon kuwa ya rasu cikin 1907 bai samu ba. Haka ya tare wa Walther Nernst hanya shekaru da yawa sabo da saɓanin da ke tsakaninsu. Ya kuma shiga wata ƙungiya da aka kafa a Suwidin cikin 1909 mai da'awar tace irin 'yan Adam, ra'ayin da ya jawo wa duniya masifa daga baya. Bayaninsa ma bai cika duka ba. Ya yi daidai ga asid marasa ƙarfi, amma ga gishirin miya da ire-irensa lambobi sun ƙi zama. Cikin 1913 Bragg da ɗansa suka haska ƙwayar gishiri da hasken eksire, aka gane tun gishirin yana busasshe ayon ne a jere, ruwa sakinsu kawai ya ke yi. Cikin 1923 Debye da Hückel suka nuna irin wannan gishiri ya kan rabu duka, abin da ke rage musu sauri shi ne jan juna da su ke yi in sun yi cunkoso. Tsohon bai saki nasa ra'ayin da sauƙi ba.

Cikin watan Satumba na 1927 ciwon ciki ya kwantar da shi a Sitokholm, ya rasu ran 2 ga Oktoba yana da shekara 68. Aka ɗauki gawarsa aka kai Uppsala aka binne.